Karfasar Chadi a Gidan Dunoma

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Kazaure ya san Baba Dunoma mai banda. Dogo ne, baƙi, da zanen Barebari a kumatu. Rumfarsa tana can layin 'yan kifi, kuma ba ya kiran mai saye. Zama yake yi a kan benci da carbi a hannu, in ka tsaya ya ɗago kai, in ka wuce ya bar ka da tafiyarka. Abin da yawancin mutanen kasuwa ba su sani ba shi ne, a gidan hayar da yake zaune a gindin dutse, akwai wani kwamin siminti a bayan ɗakinsa da ya gina da hannunsa. Kifin da ke ciki ba na sayarwa ba ne, ba kuma na miya ba.

Asalinsa mutumin Baga ne. A cikin kwale-kwale ya yi wayo, a bakin tafkin Chadi ya yi aure, a can aka haifa masa 'ya'ya. Shekarar da aka watsa garin ya fito da matarsa Ya Kura da autarsu Zulaikha, ba su ɗauki komai ba sai tufafin jikinsu. Babban ɗansu yana kan ruwa a ranar, har yau kuwa ba a samu wanda ya ce ya gan shi ba. Sun ɗan zauna a Maiduguri, suka ɗan zauna a Kano, sannan wani tsohon abokin cinikinsa ya ce masa ya zo Kazaure, akwai dam, ko ba komai zai riƙa ganin ruwa. Dunoma ya zo, ya je ya tsaya a bakin dam ɗin, ya daɗe, ya dawo gida. Da Ya Kura ta tambaye shi yadda ya ga ruwan, abin da ya ce kawai shi ne, "Ana hango tsallakensa."

Bayan wasu shekaru aka ce hanya ta ɗan buɗe, ya shirya ya koma neman labarin ɗansa. Bai samo labari ba. Abin da ya dawo da shi wata jarka ce da aka yanke wa baki, cike da 'yan ƙananan karfasa da ba su kai yatsa ba, sai kuma rabin buhu na yashin bakin tafki. A hanya ya yi ta roƙon direbobi su tsaya ya canza musu ruwa, fasinjoji suna tsaki, wasu suna tambayarsa ko babu kifi ne a Jigawa. Fiye da rabi sun mutu kafin a iso Kano. Waɗanda suka rage su ya gina wa kwamin, ya shimfiɗa musu yashin a ƙasa, ya kafa musu rumfar zana a sama. Suka rayu, suka hayayyafa. In sun yi yawa yakan ɗiba ya ba maƙwabta, amma shi ba ya ci, Ya Kura ma ba ta ci.

Zulaikha ta girma tana ganin mahaifinta kowace safiya a kan turmin da ya kife a bakin kwamin, yana marmasa tunkuza da dusa yana watsa wa kifin, yana yi musu magana da Barbarci. Ita da uwarta Hausa yake yi musu tun zuwansu Kazaure, wai don bakinsu ya saba. Ta yi karatu har jami'a a Dutse, ta karanta kimiyyar halittu, ta dawo gida tana jiran a tura ta bautar ƙasa. Yarinya ce mai yawan fargaba, tun ranar gudun nan ba ta sake zama daidai ba. In tayar mota ta fashe a titi sai ta zabura. Amma in ta zauna kusa da mahaifinta a bakin ruwan nan, tana kallon kifin suna tasowa, sai hankalinta ya kwanta. Ta san abin da suke nufi a wurinsa ko da yake bai taɓa faɗa ba. Su kaɗai ne masu rai da ya iya fitowa da su daga tafkin.

A duk Kazaure mutum ɗaya ne yake iya sa Dunoma dariya har haƙoransa su fito, shi ne Halliru. Bafillace ne na wajen Roni, yana da shanu yana kuma noma, duk ranar kasuwa yakan shigo. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari shi ya haɗa su. Tun daga nesa Halliru yake ɗaga murya.

"Bawana, yau ma warin kifinka ya hana shanuna wucewa."

"Fulata, matso ka miƙo ƙwarya in ba ka kan tarwaɗa sadaka. Kai da nono kaɗai ka sani, ina ka san abinci?"

"Ka manta kakana ne ya sayi kakanka da maraƙi gurgu?"

"Ƙarya kake. Bafillace ba ya rabuwa da maraƙi ko gurgu ne, sai dai ya ba da ɗansa."

'Yan layin su yi ta dariya, Halliru ya zauna a gefen bencin ya ci bandar da aka ce sadaka ce, ya ajiye ƙullin man shanu a ƙarƙashin tebur ya tafi.

Daga baya kuwa ɗan nasa ya bayar. Muhsin, ɗan Halliru na biyu, malamin firamare ne a cikin gari. Ya ga Zulaikha, ta gan shi, magana ta kai ga manya, aka kawo gaisuwa aka karɓa. Tun daga ranar wasa ya mutu. Halliru ya daina cewa bawana, Dunoma ya daina cewa Fulata. In sun haɗu sai a ji Malam Dunoma, Malam Halliru, yaya iyali, yaya gajiya, kowa yana kallon ƙasa. Halliru ba ya ƙara zama a kan bencin, a tsaye yake gaisuwa. 'Yan kifi suka riƙa ƙorafi cewa surukuta ta kashe musu kasuwa.

Wata ranar Juma'a da yamma, cikin tsakiyar sanyi, acaɓa ya tsaya a ƙofar gidan. Halliru ne, rungume da bokiti an rufe bakinsa da ganye. Da Zulaikha ta ji sallamarsa ta tashi da sauri ta faɗa madafi, don bai kamata uban mijin da za ta aura ya same ta zaune a tsakar gida ba. Ta tsaya tana leƙe ta tsakanin zana.

Halliru ya ajiye bokitin a bakin kwami ya yaye ganyen. Karfasa ne manya-manya masu rai. Ya ce kududdufin da shanunsa ke sha ne ya fara janyewa, masunta suka shiga, shi kuma ya tsaya a kansu ya zaɓi mafi girma, ya hana a kashe. Tun daga Roni yake riƙe da su a cinyarsa, rigarsa duk ta jiƙe.

"Na ce tunda mun zama ɗaya, naka ma su samu baƙi," in ji shi, fuskarsa cike da murna.

Dunoma ya tsuguna ya duba. Ko daga inda take Zulaikha ta ga yadda bayansa ya ƙage. Ɗaya daga cikin kifin ya manne fiffikensa a jiki, yana kwance a gefe yana numfashi da sauri. Ta san abin da aka koya musu, cewa baƙon kifi ba ya shiga cikin na gida sai ya yi makonni shi kaɗai an ga lafiyarsa. Ta kuma san mahaifinta ya fi ta sani, don ko tsohuwar koma ba ya bari a tsoma masa a ruwan nan.

"Allah ya saka da alheri, Malam Halliru. Wannan ɗawainiya haka," in ji Dunoma. "Bari a kawo baho su ɗan huta a ciki tukuna."

Murnar fuskar Halliru ta ragu. Ya dubi bokitin, ya dubi kwamin mai ruwa garai-garai, ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba.

"Au, ba za su shiga cikin naka ba? To, gaskiya ne. Ai 'yan kududdufi ne, ba ajinsu ɗaya ba."

Da a bara ne, Dunoma zai ce masa, Fulata, ɗauke ƙazantarka ka kai wa shanunka, su yi dariya a wuce wurin. Amma yanzu akwai masu cewa a gari wai me mai digiri za ta yi a gidan makiyaya, kuma dukansu biyu sun ji maganar. Zulaikha ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije. Tana kallo mahaifinta ya miƙe, ya ɗaga bokitin da hannu biyu, ya yi bismilla, ya juye shi gaba ɗaya a cikin kwamin, har da ruwan kududdufin.

Acaɓan Halliru na barin ƙofar gida ita da mahaifinta suka ɗauko 'yar koma. Amma baƙin sun riga sun shige cikin na gida, ruwa ya gurɓace, magariba kuma ta kawo kai. Sai da safe suka gama tsamo su.

"Baba, ka gani fa," in ji Zulaikha.

"Na gani."

"To me ya sa?"

Ya wanke komar ya rataye a jikin katanga.

Kwanakin farko ba a ga komai ba, har Zulaikha ta fara cewa a ranta ko Allah ya rufa asiri. Sannan wata safiya ta ga wani yana goga jikinsa a bangon siminti, ya juya ya sake gogawa. Kashegari da yawa suna yi. Fararen ɗigo suka fito musu a wutsiya da fiffike, ƙanana kamar an barbaɗa musu gishiri. Suka daina tasowa in an watsa tunkuza. Sai su taru a saman ruwa suna buɗe baki suna rufewa. Daga nan aka fara wayar gari da gawa. Dunoma yakan naɗe hannun riga ya tsamo su ɗaya bayan ɗaya ya jera a faranti, ya je gindin zogale ya haƙa rami mai zurfi don kada kyanwa ta tono. Ya daina zuwa kasuwa. Ya daina yi musu magana.

Zulaikha ta ɗauki hoton kifin ta tura wa wani malaminta na jami'a. Ya kira ta ya yi mata bayani. Duk mai sauran rai a fitar da shi a sa a baho da ruwan gishiri, a riƙa canza ruwan kullum. Kwamin a kwashe shi tas, a wanke, a bar shi a bushe rana ta buge shi fiye da wata guda, domin ƙwayar cutar ba ta iya rayuwa in babu kifin da za ta kama. Yashin ƙasa kuwa a zubar da shi can nesa, don a cikinsa take kwanciya.

Ta faɗa wa mahaifinta komai, ya yi ta gyaɗa kai, har ta zo kan yashi.

"Yashin nan ba zai fita daga gidan nan ba."

"Baba, in aka mayar da shi za ta dawo."

"To ta dawo."

Ya Kura ce ta raba gardamar. Mace ce da ba ta cika sa baki a sha'anin kwamin ba, sau da yawa ma in ta zo wucewa takan kau da kai. Tana tankaɗe ta ce, "Wuta ba ta kashe ta?"

Zulaikha ta ce tana kashewa.

"To je ki gidan maƙwabciyarmu Uwa ki aro mini tukunyarta ta biki."

Aka kafa murhu a tsakar gida, aka ɗora ƙatuwar tukunya. Dunoma yana kwaso yashi da kwano, Zulaikha tana zubawa, Ya Kura tana juyawa da muciya. Uwa maƙwabciyarsu ta leƙo ta katanga ta ce yau kuma tuwon me ake yi, ba wanda ya tanka mata. Da ruwan ya tafasa sai wani ƙamshi ya tashi, irin na laka da ciyawar ruwa da rana ta daka. Zulaikha tana ƙarama suka bar Baga, ta ɗauka ta manta komai, amma tana shaƙa ta gane shi. Ya Kura ta tsaya da juyi. Ta daɗe tsaye da muciya a hannu, hawaye na bin fuskarta, ba ta ce hayaƙi ne ba. Can ta kira sunan ɗanta sau ɗaya, a hankali, sannan ta ci gaba da juyawa. Dunoma ya ajiye kwanon ya shiga ɗaki.

Suka shanya yashin a kan buhuna. Suka yaye rumfar zana don rana ta samu shiga, suka goge kwamin da toka, suka bar shi a buɗe. Zulaikha ba ta taɓa sanin gidansu yana da shiru haka ba. Kifi ba ya ƙara, amma da babu shi sai ta ji kamar an kashe wani abu da ke kunne tun tana yarinya. Da safe mahaifinta yana fitowa ya zauna a kan turminsa kamar kullum, yana kallon busasshen siminti da ƙadangaru ke gudu a ciki.

Na cikin baho ma ba su tsira duka ba. Kullum Zulaikha ce ke auna gishiri ta canza ruwa, kullum tana buɗe murfin da faɗuwar gaba. Suka yi ta raguwa har suka koma biyu. Waɗannan biyun ɗigon jikinsu ya baje, suka fara cin abinci.

Ba wanda ya yi niyyar gaya wa Halliru. Amma Muhsin yana zuwa zance, ya ga Zulaikha ta rame, ya ga ba ta dariya, ya matsa mata da tambaya har ta faɗa masa. Shi kuma ya kasa riƙewa. Tun daga nan Halliru ya daina bin layin 'yan kifi. In ya shigo kasuwa ta can baya yake zagayawa.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Da lokacin ya cika suka mayar da rumfa, suka shimfiɗa dafaffen yashin, 'yan garuwa suka cika kwamin, aka bar ruwan ya kwana ya huce. Dunoma da kansa ya ɗauko kifin biyu a tafin hannu ya sake su. Kwamin ya yi musu girma. Zulaikha ta ji wani sanyi a ranta, ta ce ko biyu ne ai sun isa a sake farawa.

Ba a jima ba suka fara tono. Ɗaya ya kama wannan kusurwa, ɗaya ya kama waccan, kowanne yana ɗibar yashi da baki yana tofarwa gefe, har ya yi rami kamar ƙaramin akushi. Zulaikha ta kira mahaifinta da murna ya zo ya gani. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo.

"Namiji ne ke haƙa," in ji shi. "Ya haƙa ya jira mace ta zo. Duka biyun suna haƙa."

Ta sani. A karatu ta sani, murna ce ta sa ta manta. Ta zauna a ƙasa a wurin.

Ya Kura ta ce a samo musu mata daga dam. Dunoma ya ce kifin dam kifin dam ne. Ta ce ai ita ba ta ga bambanci ba, karfasa karfasa ce. Ya ce don ba ta taɓa jan koma ba ne. Maganar ta tsaya a nan. Mazan biyu kuwa suka shiga faɗa a kan fili, kullum ana kora ana cizo, har wata safiya aka sami ƙaramin a kife, gefensa duk ya saɓule. Saura ɗaya, shi ma cutar ta riga ta ci ƙarfinsa, ga shekaru.

Ranar Dunoma ya sa babbar rigarsa ya tare ɗan acaɓa ya ce Roni. Abin da ya faru a can Muhsin ne ya ba Zulaikha labari. Wai Halliru yana gindin bishiya yana gyaran igiya, da ya hango wanda ke saukowa sai ya miƙe ya rasa inda zai sa kansa. Ya fara gaisuwa, Malam Dunoma sannu da zuwa, Dunoma ya katse shi.

"Fulata, ka kashe mini dangi, sannan ka ɓuya kamar ɓarawon akuya?"

Halliru ya saki igiyar. Idonsa ya kawo ruwa.

"Wallahi ban sani ba. Da ka faɗa mini."

"Da na faɗa maka. Ni ma kunyar banza ta kama ni, wai ina jin nauyin bawana. Sa takalminka. Za ka raka ni wurin masunta, kuma kai za ka riƙe bokiti."

"Ni ne zan riƙe wa Babarbare bokiti?" in ji Halliru yana share ido da hannun riga. "Duniya ta lalace."

Suka tafi bakin dam tare. Muhsin ya ce masunta sun gaji da Dunoma, don duk wadda aka miƙo sai ya juya ta a rana, ya duba wutsiya, ya ɗaga marfin gefen kanta ya leƙa, ya mayar. Da ƙyar ya zaɓi mata uku. Da suka iso gida Halliru da bakinsa ya ce a kawo baho.

Nan aka shiga wani jiran, kuma shi ya fi na farko wuya. Matan suna cikin baho lafiya lau, suna ci suna iyo. Tsohon namijin yana cikin kwami shi kaɗai, yana raguwa a idonsu. Ya daina gyara raminsa. Wani lokaci sai ya kwanta a ƙasa ya daɗe bai motsa ba, har sai Zulaikha ta taɓa ruwan. A cikin kwanakin ne sunanta ya fito, aka tura ta bautar ƙasa can kudu. Barci ya ƙaurace mata, abinci ya ƙi shiga. Ita da ta fi kowa nacewa a kan ƙa'ida, ita ce ta zo ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, a sa su yanzu. Kalle su, babu ko ɗigo ɗaya. Ba zai kai ba."

"Malaminki ya ce nawa?"

"Ya ce wata guda. Amma bai ga wannan ba."

"Na zuba sau ɗaya, Zulaikha. Ba zan ƙara ba."

"In ya mutu fa?"

"In ya mutu kwanansa ne ya ƙare. Ba ni na kashe shi ba."

Ya kai. Ranar da aka saki matan a kwamin, tsohon ya tashi daga ƙasa ya zagaye su. Launin jikinsa ya ɗan dawo, ya koma raminsa ya ɗebi yashi ya tofar, ya sake ɗiba. Dunoma ya yi masa magana da Barbarci, karo na farko tun sanyi. Zulaikha ba ta ji duka ba, amma ta ji kamar tsiya yake yi masa. Kwanaki kaɗan aka yi haka. Sannan wata safiya suka same shi a gefen ramin, kwance, ruwa na kaɗa wutsiyarsa.

Dunoma bai sa shi a faranti ba. A tafin hannu ya kai shi gindin zogale. Ya Kura ta fito ta tsaya a bayansa har ya gama mayar da ƙasa. Ya wanke hannu, ya dawo ya zauna a kan turmi, ya marmasa tunkuza ya watsa wa 'yan dam ɗin, don su ba su san an yi mutuwa ba.

Biyu suka taso suka ci. Ta ukun ba ta taso ba. Tana can kusurwa ta lafe, bakinta a rufe, ba ta kula abincin ba. Kashegari ma haka.

Zulaikha ta kira mahaifinta. Na farko ma sai da suka ƙi abinci kafin su mutu. Amma akwai wani abin da dukansu suka sani. Macen karfasa in ta yi ƙwai a bakinta take ɗauke su, ba ta ci ba ta sha har sai sun ƙyanƙyashe. Suka tsuguna su biyu suna leƙe. Ita ta ce kamar haɓar ta ɗan kumbura. Shi ya ce idonsa ba ya gani sosai yanzu. Ta ce kamar kuma akwai wani fari-fari a wutsiyar, ko dai yashi ne. Ba yadda za a tabbatar sai an kama ta an buɗe bakin, in kuwa aka kama ta tana iya haɗiye ƙwan ko ta tofar da su. In aka bar ta kuma ciwo ne, sauran biyun ma sun tafi, a koma dafa yashi.

Zulaikha ta ɗauko komar daga jikin katanga. Ta tsaya da ita a bakin ruwan tana jiran ya ce wani abu. Dunoma ya ce ta mayar.

Gari na wayewa za ta tafi. Ya Kura ta ɗaure mata ƙullin banda da yaji, Muhsin ya zo da mai adaidaita zai kai ta tasha. Ta je bakin kwami ta durƙusa ta yi wa mahaifinta sallama. Ya ɗora hannu a kanta ya yi mata addu'a mai tsawo, ya ce ta riƙe salla, ta riƙa cin abinci, in ta ji ƙara a titi ta tuna mota ce kawai. Ta leƙa ruwan. Kifin tana nan a kusurwarta, bakin a rufe.

Ya rako ta har soro. A nan ya tsaya, yana waiwayen cikin gida.

"Je ki, kada mota ta cika," in ji shi. "In ta buɗe baki zan sa a kira ki, ko mene ne a ciki."